Shaharzadu Cikin Kaset: Tsohon Wasan Da Ya Wuce Mu

Duk wanda ya tashi Tasawa ko Mayahi ya san ɗakin wasan tele. Ka ba da dala biyar, ka zauna bisa benci, kana fatan kada kuran ya ɗauke. Kaset ɗin nan rawaya an rubuta masa wasanni dubbai, amma in ka buɗe, Mario ne da Contra da harbin agwagwa ke ta maimaita kansu.

Na'urar asali sunanta Famicom. Kamfanin Nintendo ya fitar da ita a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Wadda ta iso mu kwaikwayo ce daga Taiwan da Sin. Masu kwaikwayon sun fi zuba gajerun wasanni, dogayen masu labari sai suka wuce mu.

Cikinsu akwai The Magic of Scheherazade, na kamfanin Culture Brain, wanda ya fito a Japan a 1987. Ni bara na gamu da shi, da wani ɗan ajinmu ya tura mini cikin salula. Sunan ne ya tsayar da ni: Shaharzadu dai, ta Dare Dubu Da Ɗaya! Ku dubi tafiyar labarin nan. Daga Larabci, Antoine Galland ya fara maida shi Faransanci a 1704, ya zagaya Turai, ya kai Japan, ga shi ya dawo mana cikin waya.

Kai ne saurayin da wani boka, Sabaron, ya shafe wa tunani, ya sace masa gimbiya. Babi biyar ne, kana ratsa zamani, jiya da gobe. Wani faɗan da hannunka za ka yi shi, wani kuma bi da bi, kai da abokan tafiyarka. Abin da ya fi burge ni kasuwarsu: kana iya neman ragi wurin mai shago, har bashi ana ci. In rana ta yi husufi ka shuka iri a zamanin da, ka tsallaka gaba ka tarar itacen ya yi kuɗi. Ɗan manomin gero bai buƙatar a fassara masa wannan.

To, laifinsa fa? Akwai. Maganar duk Ingilishi ce, mu ko Faransanci muka yi a lakwal, sai da ƙamus a gefe. Kalmar sirrin ci gaba doguwa ce, ka kuskure harafi guda aikin sati ya tafi. Kuma ƙasar Larabawan da suka zana ta mai jin labari daga nesa ce: masallaci ya zama wurin sauya sana'a da tada abokan da suka faɗi. Wannan kam sai ka girgiza kai.

Duk da haka na ce a buga shi. Ba ya cin megabit, ba ya neman babbar waya, haƙuri kawai yake nema. Kuma yana barin ka da tambaya mai nauyi. Mutanen Japan sun ɗauki tatsuniyar da ba tasu ba, suka cusa ta cikin kaset da bai kai nauyin hoto guda na wayarka ba, ana bugawa har yau. Mu fa? A Mai Jirgi, nan kusa da mu, tafiyar Voulet da Chanoine ta ƙare a Yulin 1899. Ga Sarauniya Mangu a Lugu. Ga Gizo da Ƙoƙi. In ba mu gina su da hannunmu ba, wani zai gina mana, kuma yadda aka yi wa masallacin can haka za a yi wa namu.

In an yi hutu, ku nemi wasan, ku buga babi guda. Sannan mu haɗu, kowa da alƙalaminsa.