Hoto Mai Falle Uku: Daga Allon Kakin Zuma Zuwa Wayar Hannu

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma hoto guda yana da tasa gazawar: ƙiftawar ido ɗaya kawai yake kamawa. Ba ya faɗin abin da ya gabata, ba ya faɗin abin da ya biyo baya. Cikin tsofaffin dabarun da masu zane, daga baya kuma masu ɗaukar hoto, suka bi don toshe wannan kafa akwai jera hotuna uku gefe da gefe, a ɗauke su a matsayin aiki ɗaya. Turawa na kiran wannan tiriftik, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da aka ninka uku. A nan za mu kira shi hoto mai falle uku.

Asalinsa allon rubutu ne. Rumawan dā suna shafa wa allunan katako kakin zuma su yi rubutu a kai da tsinke, sannan su ɗaure biyu ko uku su riƙa rufe su kamar littafi. Kiristocin daular Rumawa ta Gabas suka ari wannan siffa suka mayar da ita kayan ibada: babban falle a tsakiya, ƙanana biyu a gefe suna rufe shi kamar ƙyauren ƙofa, su kare shi idan za a yi tafiya. Akwai irinsa na hauren giwa da aka sassaƙa a ƙarni na 10, wanda ake kira Harbaville, yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Cocin Habasha ma ya daɗe yana zana irinsu a kan katako.

A hannun masu zanen Turai ne fallayen suka koyi ba da labari. Wajen shekarar 1500, Hieronymus Bosch, mutumin ƙasar Holan ta yau, ya zana wanda yanzu yake gidan tarihi na Prado a Madrid. A hagu ga Adamu da Hawwa'u cikin lambu. A tsakiya ga zuriyarsu ta cika duniya tana sheƙe ayarta. A dama ga duhu da wuta da azaba. Babu rubutun da ya ce wannan ne ya jawo wancan. Idon mai kallo ne ke tafiya daga falle zuwa falle yana ƙulla zaren da kansa.

A Japan kuwa larura ce ta haifar da shi. Masu buga zane da hatimin katako suna da iyakar girman takarda, saboda haka idan fage ya yi faɗi sai su raba shi a takardu uku. Wajen 1844 Utagawa Kuniyoshi ya buga wani da ƙaton ƙwarangwal ya ratsa daga falle zuwa falle yana leƙo mutane. Ke nan kafin kyamara ta yi ƙarfi, fallaye uku sun riga sun iya aiki biyu: nuna wucewar lokaci da nuna faɗin wuri.

An bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Paris a 1839, kuma ba a jima ba masu kyamara suka gane cewa hoto ɗaya bai isa ba. A 1878, a Kalifoniya ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, ya tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa. A 1927 Abel Gance na Faransa ya ƙarasa fim ɗinsa na Napoleon da majigi uku a jere, wani lokaci su haɗu su zama fage ɗaya, wani lokaci kowane ya nuna abinsa daban.

Aiki na uku, wanda ya fi sauran nauyi, a Rasha aka fito da shi fili. Wajen 1920 Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, da gawa cikin akwati, da yarinya mai wasa. Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, masu kallo sun yi ta yaba yadda fuskar ke sauyawa daga tunani zuwa baƙin ciki zuwa farin ciki, alhali fuska ɗaya ce. Maƙwabcin hoto shi ke ba shi ma'ana. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan: muryar da ka sa bayan wata murya tana iya mayar da ita amsa, ko da masu maganar ba su taɓa haɗuwa ba.

Wanda ke son ganin dabarar a tsantsarta ya nemi aikin da Ai Weiwei, ɗan ƙasar Sin, ya yi a 1995. Hotuna uku ne baƙi da fari. A na farko yana tsaye gaban bangon bulo riƙe da tulun zamanin daular Han, mai kimanin shekara 2000. A na biyu ya buɗe hannu, tulun yana iska. A na uku ga sakaina warwatse a ƙafafunsa. Fuskarsa ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Mutumin ya tashi ne a zamanin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976, lokacin da aka farfasa ɗimbin kayan tarihi da sunan gina sabuwar ƙasa. Har yau ana gardama: wasu na ganin ɓarna ya yi, wasu na ganin tambaya ya jefa a kan wa ke da ikon yanke darajar abin gado. Lura da cewa ba a nuna lokacin da tulun ya bugi ƙasa ba. Ƙarar fashewar tana cikin farar tazarar da ke tsakanin falle na biyu da na uku, kuma kowa ya duba sai ya ji ta.

Daga wannan tarihi mai koyo zai tsinci ƙa'idojinsa. Ya fara yanke abin da ke ɗaure hotunan: lokaci ne, wuri ne, ko kwatanci. Ya riƙe abu ɗaya da ba ya sauyawa, kamar bangon Ai Weiwei, ko haske, ko tsayin da ya riƙe kyamara, domin abin da ya sauya ya fito sarai. Ya gwada cire kowane falle. Kamar duwatsun murhu ne, idan an ɗauke ɗaya tukunya ba ta karkata ba, to dama ba shi da aiki a wurin. Ya kuma tuna ta ina mai kallo zai fara, domin wanda idonsa ya saba da ajami yana iya farowa daga dama, sai ya ga sakaina ta tashi ta koma tulu a hannun mai ita.

Yau duk mai wayar hannu yana iya jera hotuna uku cikin minti ɗaya ya tura wa dubban mutane. Da haka ake nuna yadda gona ta tashi daga shuka zuwa girbi, da haka kuma ake manna hoton wani kusa da tarzomar da bai je ba. Kowane hoto yana iya zama na gaskiya, jerin kuma ya zama ƙarya. Saboda haka idan an turo maka fallaye uku, kafin ka tura gaba, tambayi wanda ya jera su, da ranar da aka ɗauki kowane, da abin da aka bari a tsakani.