Yadda Ciwon Sankara Ke Yaɗuwa a Jiki

Ciwon sankara, wanda ake kira ciwon daji, yakan fara a wuri guda, kamar nono ko bakin mahaifa. Idan ya daɗe, wasu ƙwayoyinsa kan ɓalle, su bi jini ko hanyoyin kaluluwa, su sauka a hanta, huhu, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Wannan yaɗuwar ce ke kashe mafi yawan masu ciwon.

A 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da sankarar nono ta kashe. Ya ga ciwon ba ko'ina yake kama wuri ba, sai ya kwatanta shi da iri da ƙasa. Ku manoman Agye, Gazawa da Gidan Runji kun san haka: gero na son jigawa, ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Yau masu neman digirin dokta kan yanki ƙari siriri, su zana taswirar inda kowace ƙwaya take da maƙwabtanta, don gane wace ƙasa ce ke karɓar irin.

A Nijar, tun 2021 ana gashin sankara da na'ura a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai. Amma magani ya fi ci kafin ciwon ya yaɗu. Idan kin ji ƙulli a nono ko hammata, ko kin ga jini bayan kin daina haila, ki je asibiti a duba ki. Kada ki yarda wanzami ya tsaga wurin.