Annobar Marisuwa ta 1918: Tanadin Gida da Wargajewar Zaman Jama'a

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin annoba galibi sukan duƙufa ne a kan ƙidayar mamata da matakan da hukuma ta ɗauka, ba safai sukan leƙa cikin gidaje su ga yadda aka kwana aka tashi ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi babbar murar nan ta 1918 zuwa 1919, wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa, ta fuskar magidanci da iyalinsa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a irin wannan annoba mai kayar da mutanen gida gaba ɗaya, abinci da aka tara bai isa ya ceci rai ba, sai an sami mai lafiyar da zai ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya yi jiyya. Inda aka rasa wannan hannu, nan ne zaman jama'a ya wargaje. Za a fara da yadda cutar ta shigo Nijeriya, sa'an nan a kawo misalai daga wasu ƙasashe domin kwatanci, daga bisani a dawo gida.

2.0 Yanayin Cutar da Shigowarta

Turawa sun kira ta murar Sifen, ba domin a can ta samo asali ba, sai domin jaridun ƙasar Sifen, wadda ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, su ne suka fara ba da labarinta a fili. An ƙiyasta cewa ta hallaka mutum wajen miliyan 50 a duniya, wato fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci. A lokacin likitoci ba su san ƙwayar da ke haddasa ta ba, don kuwa sai a 1933 aka fara ware ƙwayar murar ɗan Adam a Landan. Babu allurar rigakafi, babu kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, ga shi kuwa yawancin mamatan ciwon huhu ne da ya biyo bayan murar ya ƙarasa su. Saboda haka abin da ya rage wa majiyyaci shi ne hutu da ɗumi da ruwan sha da abinci mai ruwa-ruwa, kuma duk waɗannan sai wani ya kawo masa.

Akwai halaye biyu na wannan cuta da ya kamata a riƙe. Na farko, saurin yaɗuwarta: tsakanin kamuwa da kwanciya kwana ɗaya ne zuwa uku, don haka takan kayar da gida ɗungurungum cikin mako guda. Na biyu, saɓanin murar da aka saba da ita mai kashe jarirai da tsofaffi, wannan ta fi yin ɓarna a tsakanin masu shekara 20 zuwa 40, wato majiya ƙarfin da gida ya dogara a kansu.

Ta teku ta iso Afirka ta Yamma. A ran 15 ga Agusta, 1918, jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo da marasa lafiya a cikinsa. Daga can ta bi gaɓar teku zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma a ran 14 ga Satumba jirgin fasinja mai suna Bida ya sauke masu ɗauke da ita a Legas. Hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911, da kogunan Kwara da Binuwai, su suka kai ta cikin ƙasa cikin 'yan makonni, fatake da matafiya a ƙafa kuma suka ƙarasa da ita ƙauyuka. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 500,000 ne suka rasu a Nijeriya, daga cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan 18 ba.

3.0 Inda Zaman Jama'a Ya Wargaje

Kafin a shiga gidajenmu, yana da kyau a dubi wuraren da abin ya kai matuƙa, domin a can ne aka fi ganin yadda wargajewar take aukuwa.

A ran 7 ga Nuwamba, 1918, jirgin ruwa mai suna Talune ya isa Afiya, babban garin Samowa ta Yamma a tekun Fasifik, wadda a lokacin take hannun Niyuzilan. Hukuma ba ta tsare shi ba. Cikin wata biyu mutum kimanin 8,500 suka mutu, wato sama da kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar tsibiran. Ƙasa ce mai yalwar abinci, amma abincinsu yana gona da teku, kullum sai an je an tono ko an kamo. Da kowa ya kwanta, sai yunwa ta taru da zazzaɓi. A maƙwabciyarta Samowa ta Amurka kuwa, gwamna John Martin Poyer ya rufe tashar jiragen ruwa, jama'a suka taimaka da gadin gaɓa, ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Haka kuma a ƙasashen ƙanƙara na arewacin nahiyar Amurka. A ƙauyen Brevig Mission na Alaska, mutum 72 daga cikin 80 suka mutu cikin kwana biyar a watan Nuwamba. A Okak ta Labrado, 204 daga cikin 263 suka halaka. A irin waɗannan wurare, wutar ɗaki in ta mutu babu mai sake hura ta, sai sanyi ya kashe wanda murar ta bari, yara kuma suka yi kwanaki tare da gawawwakin iyayensu.

Akasin haka, a birnin Kef na Afirka ta Kudu, ko da yake mace-macen Oktoban 1918 sun yi muni ƙwarai, an kasa birnin shiyya-shiyya, aka buɗe wuraren dafa romo, masu sa kai suna bi gida-gida da abinci da magani. Wannan bai hana mutuwa ba, amma ya tsayar da yunwa daga zama annoba ta biyu.

Abin lura a nan shi ne, wargajewar ba da tarzoma ko wawashe dukiya take farawa ba. Takan fara ne shiru, sa'ad da ƙananan ayyukan yau da kullum suka tsaya cik a kowane gida lokaci guda.

4.0 Nijeriya: Tsoro da Gudu da Canjin Abinci

A Legas hukumar mulkin mallaka ta rufe makarantu da majami'u da masallatai, ta kuma sa ma'aikatan tsafta su riƙa bincike gida-gida. Likitoci kuwa 'yan kaɗan ne, wasu ma yaƙi ya janye su. Da yake jama'a ba su amince da hukumar ba, binciken ya jawo ɓoye marasa lafiya, wasu kuma suka tsere zuwa garuruwansu na asali, suka tafi da cutar. Wato matakin da aka ɗauka don tsare ta shi ya ƙara mata ƙafa.

Rufe wuraren ibada ma ya bar nasa tarihi. A Ijebu-Ode wasu mabiya cocin Angilikan, cikinsu har da Joseph Shadare da Sophia Odunlami, suka koma yin addu'a a ƙungiyance don neman waraka, kuma wannan ƙungiya tana cikin tushen ɗarikun Aladura na ƙasar Yarabawa. A ƙasar Ibo kuwa, an sami sa'o'in da aka raɗa wa suna da sunan wannan mura.

Babban misali game da tanadin abinci shi ne wanda Ohadike ya bayyana a 1981 dangane da ƙasashen bakin Kwara ta kudu. Doya ita ce abincinsu, ita kuwa tana bukatar ƙarfin maza: sharar daji, tada kunya, kafa sanduna, da haƙa a kan kari. Da annoba ta kwashe majiya ƙarfi, sai aka shiga ƙarancin abinci, jama'a suka rungumi rogo, wanda a da ba su ɗauke shi a bakin kome ba. Rogo ba ya son wahala mai yawa, yana jure ƙasa maras ƙarfi, kuma ana iya barinsa a cikin ƙasa har sai an bukace shi. Ashe ke nan abin da suka nema shi ne abincin da hannu kaɗan zai iya samarwa.

5.0 Gidan Bahaushe a Ma'aunin Marisuwa

Marisuwa ta iske ƙasar Hausa shekara huɗu kacal bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kuma ta iso ne da kaka, an girbe gero, dawa da gyaɗa da auduga suna jiran hannu. A tsarin gargajiya Bahaushe ba baƙon tanadi ba ne. Yana da rumbu, mai hali ma yana da rumbun tsimi wanda ba a taɓawa sai ta ɓaci. Yana da gandu, inda uba da 'ya'ya da ƙanne suke noma tare. Yana da gayya da zakka da zumunci. Amma in an lura, duk wannan shiri an gina shi ne don fari da fara, wato don ranar da abinci zai yi ƙaranci alhali mutane suna tsaye da ƙafafunsu.

Marisuwa ta zo da akasin haka: ga hatsi, babu hannu. A tuna irin aikin da ke tsakanin damin gero da malmalar tuwo: a ciro daga rumbu, a sussuka, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka ko a niƙa, a tankaɗe, kana a ɗora tukunya. Kusan dukansa aikin mata ne masu ƙarfi, su ne kuma masu jiyya, don haka su suka fi kusa da kamuwa, masu juna biyu kuwa cutar ta fi tsananta musu a ko'ina cikin duniya. Ruwa sai an ja daga rijiya, itace sai an saro. A birni kuma, inda gidaje da yawa suka dogara ga 'yan ga-ruwa da 'yan talla da cefanen kullum, kwanciyar waɗannan kaɗai ta isa ta hana gida cin abinci.

Har ila yau, kyawawan al'adunmu suna da fuska biyu a lokacin annoba. Gaida maras lafiya da zaman makoki da cin abinci a akushi ɗaya hanyoyi ne na yaɗuwar cuta mai bin numfashi. Amma kuma wannan zumunci shi ne yake sa maƙwabciya ta aiko da kunu, shi ne yake sa a yi wa mamaci wanka da sutura da salla, abin da shari'a ta ɗora wa al'umma a matsayin farilla ta kifaya. Gidan da ya yanke hulɗa gaba ɗaya yana iya tsira daga kamuwa na ɗan lokaci, amma ranar da cutar ta shiga, ba shi da mai leƙo shi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, tanadin annoba dabam yake da tanadin yunwa: abin da ake bukata shi ne abincin da ya kusa shiga baki, kamar gari da ƙanzo da ƙuli-ƙuli, tare da ruwa da makamashi na mako biyu ko uku, tun da ƙarfin annobar a gari guda bai cika wuce 'yan makonni ba. Na biyu, ma'aunin shiri unguwa ce, ba gida ɗaya ba, domin waɗanda suka warke su ne za su ɗauki nauyin waɗanda suka kwanta daga baya. Na uku, dokar hukuma ba ta aiki sai da amincewar jama'a, kamar yadda Legas da Samowa ta Amurka suka nuna ta fuskoki biyu masu karo da juna.

Kullen korona na 2020, da fasa rumbunan kayan tallafi da aka yi a jihohi da dama a watan Oktoban wannan shekara, sun nuna cewa tambayar ba ta tsufa ba. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su bi rahotannin lardunan Arewa da ke gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Kaduna, su haɗa da abin da zuriyar mutanen wancan zamani suka ji daga bakin kakanninsu, domin a san yadda kowace masarauta ta ciyar da majiyyatanta ta kuma binne mamatanta a kakar 1918.