KOWACE MAGANA DA MAJALISINTA: DARASI DAGA WA'AZIN SIDI ABDULƘADIR DA LITTATTAFAN SHEHU USMANU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Duk wanda ya buɗe littafin Fathur Rabbani, wanda ya tattara majalisai 62 na wa'azin Gausul A'azam Sidi Abdulƙadir Jilani (R.A.), zai tarar marubucin kan fara majalisi da ambaton ranar da aka yi shi da watan da shekarar, sannan ya faɗi ko a makarantar Shehin aka zauna ko a ribaɗinsa, wato zawiyarsa. Majalisan sun faro daga Shawwal na shekarar 545 bayan Hijira zuwa Rajab na 546. Galibin masu karatu kan tsallake waɗannan layuka su faɗa cikin wa'azin, alhali kuwa su ne mabuɗinsa.

An haifi Shehin a ƙasar Jilan a shekarar 470, ya shiga Bagadaza a 488, shekarar da Imamu Gazali ya bar koyarwa a Nizamiyya ya fita daga birnin. Ya karanci fiƙihun Hambaliyya a wurin Alƙali Abu Sa'id Almukharrimi, wanda daga baya ya gaji makarantarsa ta Babul Azaj, ya kuma yi tarbiyya a hannun Shehu Hammadu Dabbas. Ya fara wa'azi ga jama'a a 521, ya koma ga Ubangijinsa a 561, daidai da 1166 Miladiyya. Lokacin waɗannan majalisai Halifa Muƙtafi ne bisa gado, yana fafutukar ƙwato ikonsa daga sarakunan Saljuƙawa, mayaƙan Salibiyya na riƙe da Baitul Maƙdis, malamai kuma na ta jayayyar mazhaba da neman kusanci da fada.

Wanda ya san wannan hali zai gane dalilin da ya sa harshen Shehin yake da kaifi a kan malaman da ke sayar da iliminsu a ƙofar masu mulki, da masu sanya tufafin zuhudu zukatansu na kasuwa. Hausawa na cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shehin yana duban fuskokin waɗanda yake yi wa faɗa, kuma shi likita ne da ya san ciwon kowannensu. Idan ya kira mai sauraro munafuki, tsawa ce ta uba mai tarbiyya, ba hukuncin alƙali ba. Yaron da ya haddace jimlar ya je ya jefi liman ko maƙwabci da ita ya ɗauki magani ya mayar da shi dafi. Haka nan sanannar maganarsa game da fifikonsa a kan waliyyai, wadda aka ruwaito a Bahjatul Asrar, malamai da yawa sun fassara ta da waliyyan zamaninsa.

Ƙasar Hausa ta ga wannan ƙa'ida a aikace wurin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (R.A.), wanda shi da jama'arsa Ƙadirawa ne. A Ɗagel, wajen 1793, ya wallafa Ihya'us Sunna domin mutanen da ke gauraya Musulunci da tsafi da al'adun jahiliyya. Bayan Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya kuma hana kowa wa'azi in ban da Shehu, sannan Yunfa ya tsananta, sai aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Cikin wannan yaƙi ne ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka shiga tafiyar da mulki, sai alƙalaminsa ya karkata ga sauƙaƙawa. A Najmul Ikhwan ya gargaɗi almajirai game da yin inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ya kuma hore su da su dage da karanta littattafan malaman zamaninsu, domin su suka fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu. Shehun bai warware maganarsa ta farko ba. Masu sauraro ne suka sauya, ciwon ya sauya, maganin ma ya bi shi.

Magadansa sun fuskanci irin wannan jarrabawa a 1903, da Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, ya yi shahada a Burmi. Waziri Buhari kuwa ya shawarci malamai ya zauna tare da talakawan da ba su da ikon tafiya, don kada addini ya rasa mai tsaronsa, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa. Littattafai ɗaya suka karanta, kowannensu ya auna su da halin da ke gabansa.

A Kaduna wannan mas'ala ta ɗauki sabon salo da zuwan rediyo da kaset, domin na'ura takan ɗauko jimla ta bar majalisinta a baya. A 1972 Shehu Abubakar Gumi ya fitar da Al'aƙidatus Sahiha yana sukar ɗariƙu, Shehu Nasiru Kabara (R.A.) ya ba shi amsa da Annasihatus Sariha, a 1978 kuma aka kafa ƙungiyar Izala a Jos. A tsawon wannan muhawara an sha kafa hujja da maganganun Shehu Usmanu a kan bidi'a don a soki zikiri da wuridi, ba tare da an ambaci cewa mai maganar shi ne ya rubuta Salasilul Ƙadiriyya, ya kuma yi wa Sidi Abdulƙadir waƙoƙin bege da Fulatanci ba. Bidi'ar da ya yaƙa daban, wuridin da ya lazimta har ƙarshen rayuwarsa daban.

Ga 'yan'uwa mazauna kudancin kogin Kaduna, al'amarin ya wuce muhawarar malamai. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, Musulmi da Kirista suka cakuɗu a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, aikinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun ci rayuka masu yawa, suka raba gari biyu, iyalai da dama suka ƙetare kogi. Waɗanda suka zauna sun ci gaba da kiran salla da raya zawiyoyi a tsakiyar maƙwabtan da ba addininsu ɗaya ba. Idan wani ya buɗe musu Bayanu Wujubil Hijra ya karanto babin tashi ko na yaƙi, wajibi ne a tambaye shi: wane sarki ne ya hana rawani a Makera, wa ya hana lulluɓi a Kakuri? Hukuncin da Shehu ya gina a kan hana bayyana addini ba ya sauka inda ake salla a fili. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna shekaru cikin aminci ƙarƙashin Najjashi, a ƙasar Kirista, da umarnin Manzon Allah (S.A.W.).

Wannan ba ƙofa ba ce ta soke hukunci da sunan zamani. Tauhidi da salla da haramcin zalunci ba su da Bagadaza ba su da Kaduna. Abin nufi shi ne ladabin da malaman tafsiri suka kira sanin asbabun nuzuli, malaman usulu kuma suka kira tabbatar da illar hukunci kafin a ɗora shi. Kafin muridi ya yi aiki da wata jimla, sai ya san wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da lokacin, da abin da ya gabace ta, da abin da mai ita ya faɗa a sauran littattafansa. Wannan ne sirrin da ya sa magabata ba su yarda a ɗauki littafi ba tare da malami da isnadi ba, domin malami yakan miƙa lafazin tare da labarinsa.

Allah Ya ba mahalarta wannan taro fahimtar maganar bayinSa na gari, Ya zaunar da Kaduna da Nijeriya lafiya, Ya jiƙan magabata, albarkacin Annabin rahama (S.A.W.). Amin.