Manhajar raba ayyuka tsakanin kwamfutoci: yadda ake girka ta da illar kuskuren saiti

Manhajar raba ayyuka ita ce ke karɓar ayyuka masu yawa, ta jera su a layi, sannan ta miƙa kowanne ga kwamfutar da ke da sarari a cikin rukunin kwamfutocin da aka haɗa. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tashar Makarfi ranar kasuwa: ya san motar da ke kan layi, da wadda ta cika, da wadda ta lalace aka cire ta daga lodi.

Asalinta

Tun shekarun 1970 tsarin Unix ke da cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsayar masa, amma a kan kwamfuta ɗaya tak. Da ayyuka suka fi ƙarfin na'ura guda, sai aka samar da Condor a Jami'ar Wisconsin da ke Amurka a 1988, daga baya kuma Slurm ta fito daga cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a farkon shekarun 2000. Slurm kyauta ce, kowa na iya duba lambobinta, kuma a kan Linux aka fi amfani da ita.

Yadda ake girka Slurm

Ana ware kwamfuta ɗaya ta zama jagora, a ɗora mata slurmctld, sauran kuma a ɗora wa kowacce slurmd. Kafin su amince da juna sai an girka MUNGE, an kwafa mabuɗin sirri iri ɗaya a kan dukkansu, an kuma daidaita agogonsu, domin saɓanin lokaci kan sa a ƙi karɓar saƙo. Daga nan sai a rubuta fayil ɗin slurm.conf, mai ɗauke da sunayen kwamfutocin da ƙarfin kowacce da layukan jira, kuma wajibi ne ya zama iri ɗaya a ko'ina. Da umarnin sinfo ake duba lafiyar rukunin, da sbatch ake tura aiki, da squeue ake ganin masu jira.

A cikin saitin ne ake tsayar da wanda za a fifita da kason da kowa zai samu. Ana kuma iya ajiye bayanin wanda ya tura aiki da lokacin da ya tura, abin da ke sauƙaƙa bin diddigi.

Darasin 2023

Masu zaɓe a Ikara da Makarfi da Kudan sun ɗanɗana illar kuskuren saiti, duk da cewa shafin IReV na hukumar INEC tsari ne na daban. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin, na shugaban ƙasa kuwa ya maƙale na sa'o'i. A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta ɗora laifin a kan kuskuren saiti: an tsara manhajar ta ajiye kowane sakamako ƙarƙashin jiharsa, alhali zaɓen shugaban ƙasa ba na jiha ɗaya ba ne.

Saboda haka, duk lokacin da wata hukuma ta sanar da sayen manyan kwamfutoci da kuɗin jama'a, bai wadatar a tambayi farashinsu ba. A tambayi wanda ya saita su, da ko an gwada su da nauyin aiki irin na ranar buƙata, da wanda ke da ikon duba bayanan da suka ajiye.