Daga Faifan Majigi Zuwa Na'urar Zamani

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tarihin sinima a ƙasar Hausa ya nuna ba kullum haka take ba.

Tun da aka buɗe sinimar Rex a Kano cikin 1937, da faifai ake nuna fim: ana naɗa shi a na'ura, haske ya ratsa shi zuwa bango. Faɗuwar darajar naira bayan 1986 ta sa faifai ya yi tsada, kaset ɗin bidiyo ya maye gurbinsa, har aka fito da Turmin Danya a 1990. Sinimomin da aka buɗe daga baya kuwa, daga kwamfuta suke haska fim.

Sai dai wannan na'urar da ta kori faifai ita ta ceto mana Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976. An daɗe ana zaton ya ɓace, aka gano faya-fayansa, aka gyara, aka nuna shi a Balin ta Jamus cikin 2018. Sauran faya-fayanmu kuma, lalacewa suke yi muddin ba a kwafe su ba.