Ƙwarin Gwiwar Malaman Firamare Wajen Koyar da Kimiyya: Nazari a Kan Shirin SMASE a Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa malaman firamare ke ɗari-ɗari da darasin kimiyya, sannan ta auna shirin horar da malamai na SMASE da ra'in Albert Bandura. Hanyar da aka bi ita ce bitar ayyukan magabata. Matsayar da aka cimma ita ce, ƙwarin gwiwar malami na samuwa ne idan ya yi gwaji da hannunsa, ya kuma ga darasin ya ci nasara a ajinsa.

Gabatarwa

Malamin firamare mutum ne da aka ɗora wa darussa da yawa, kuma ba lallai ne ya karanci kimiyya a kwalejin ilimi ba. Duk da haka manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta fitar a 2007 ta kuma sabunta a 2012, ta sa kimiyya da fasaha cikin abin da yaro zai koya tun daga aji ɗaya.

Matsalar ba ta Nijeriya ce kaɗai ba. A 1997 Wynne Harlen da Colin Holroyd sun wallafa bincikensu kan malaman firamare na Sikotilan, inda suka gano dabarun da malami ke fakewa da su idan bai yarda da kansa ba. Yakan rage lokacin darasin, ya manne wa littafi, ya toshe ƙofar tambaya. Yakan daɗe a kan tsirrai da dabbobi, ya tsallake lantarki da maganaɗisu, ya kuma guji duk gwajin da zai iya ƙin yi a gaban yara. Wanda ya san ajin da ake cika allo da rubutu a ce "ku kwafa" ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ra'in Bincike

A 1977 Bandura ya bayyana cewa imanin mutum da iyawarsa na da tushe huɗu: nasarar da ya taɓa samu da kansa, ganin wani irinsa ya yi nasara, ƙarfafawa ta baki, da yanayin jiki kamar fargaba ko natsuwa. Na farkon ya fi ƙarfi. A 1990 Iris Riggs da Larry Enochs suka gina ma'aunin STEBI a kan wannan ra'i, mai jimloli 25 da malami zai nuna amincewarsa ko rashin amincewarsa da su. Ma'aunin ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato ko malami na jin zai iya koyarwa, da ko yana ganin koyarwa mai kyau za ta yi tasiri a kan yara. Malamin da ke fama da ɗalibai ɗari a aji ɗaya na iya samun na farko ya rasa na biyu.

Shirin SMASE

Shirin ya samo asali ne daga Kenya, inda aka fara shi a 1998 domin makarantun sakandare da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan. Nijeriya ta ɗauko shi a 2006 ta mayar da shi kan firamare, aka gwada a jihohin Kaduna, Neja da Filato, daga baya Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta zama matattarar horon. Ginshiƙinsa shi ne a sa yara aiki da hannu, a yi gwaji, a kuma haɗa kayan aiki daga abin da ke kusa. Malami kuma ya tsara darasi, ya gabatar, ya duba inda aka samu tangarɗa, ya gyara.

Wannan tsari ya dace da tushen Bandura na farko. Malamar da ta haɗa batir da waya da ƙwan tocila har ya kama, ta kuma gano da kanta dalilin da ya hana shi kamawa da farko, ta samu abin da lacca ba za ta ba ta ba. Batun kayan gida kuwa ya fi abin da ake zato zurfi. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san ruwan randa ya fi na roba sanyi, amma kaɗan ne aka nuna wa cewa ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bin iska, shi ke tafiya da zafin. Da wannan ilimi ne Mohammed Bah Abba, wanda malami ne a Jigawa a lokacin, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Malamin da ya fara darasi daga randa yana tsaye ne a kan abin da ya sani sarai.

Raunin shirin na cikin hanyar isar da horon, wadda take hawa-hawa: masu horarwa na ƙasa su horar da na jiha, su kuma su horar da zaɓaɓɓun malamai, waɗanda za su kai wa sauran. A ganin wannan marubuci, abin da ke fara zubewa a hanya shi ne aikin hannu, domin shi ke cin lokaci da kayan aiki. Bayani ne ke isa ƙasa. Sai a wayi gari ana karanta wa malamai muhimmancin gwaji daga takarda, alhali wannan shi ne ciwon da aka zo warkarwa.

Tattaunawa

Tushe na biyu, ganin wani irinka, shi ya fi araha kuma shi aka fi sakaci da shi. A Japan malaman makaranta ɗaya kan tsara darasi tare, ɗaya ya koyar saura na kallo, sannan su zauna su yi masa filla-filla. Ganin abokin aiki ya shawo kan darasin maganaɗisu a ajin da ba shi da isassun kujeru ya fi gamsarwa a kan ganin ƙwararre ya yi shi a zauren otal.

Tushe na uku da na huɗu na iya juyewa su yi ɓarna. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin 100, ta sallame su. Ko me mutum zai ce game da dacewar matakin, da wuya malamin da ya shaida wannan ya furta a taron bita cewa bai fahimci lantarki ba, kuma ba a iya gyara giɓin da aka ɓoye.

Akwai kuma batun harshe. Shirin firamare na shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da kimiyya da Yarbanci, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba. Malamin da ke kokawa da Ingilishi da kimiyya a lokaci guda fargabarsa biyu ce. Don haka duk mai son auna tasirin horo irin na SMASE a makarantun Arewa, ya kyautu ya gabatar da jimlolin STEBI da Hausa, ba tare da sunan malami a kan takardar ba, ya kuma haɗa da zama a bayan aji yana ƙirga sau nawa yara suka taɓa kayan gwaji a zango guda.